Murjanin da Aka Shanya a Rana

Har gobe ban manta ranar da na dawo daga Mina na tarar da aikina na shekaru a shanye a saman bene ba. Ku da kuka shigo shirkar nan, wato kamfaninmu, kwanan nan, ku saurara.

Lokacin ni ke kula da tankin kifin wani otal a unguwar Shisha. A cikinsa akwai murjani mai rai, mai ruwan lemo, wanda muke kira murjanin rana. Ba irin mai gina tudu a teku ba ne. A bakin kogo yake zama cikin inuwa, kuma haske ba ya ciyar da shi kamar 'yan'uwansa. Kowane ɗan baki nasa sai an ba shi abinci. Bayan la'asar nake zuwa da sirinji da niƙaƙƙen jatan lande, in bi su ɗaya bayan ɗaya. Sun saba, da na taɓa ruwan sai su buɗe. In sun rufe kuwa, wallahi dutse mai datti za ka ce.

Ƙarshen Zulƙida na ɗauki hutu don gyaran tantuna a Mina, kamar kowace shekara. Na gaya wa mudir, manajan otal ɗin, kada a taɓa murjanin. Ya ce, "Tayyib," idonsa na kan waya. Amma a wannan karon ban rubuta a takardar miƙa aiki ba. Wannan sakacina ne.

Ƙa'idar otal ce kafin alhazai su iso, a kwashe duwatsun ado a jiƙa su a bilic, a goge, a shanya. Baba Idrisa mai shara ne ya yi, dattijon da ya zo ta Chadi, mutumin kirki. Shi ya tare ni a ƙofa yana murmushi.

"Ɗana, na hutar da kai. Wannan mai lemon ya ba ni wahala, sai da na sa burushi."

Na hau sama. Ga shi fari fat, ramuka kawai. Na zauna a kan siminti mai zafi. Baba ya biyo ni, ya ga fuskata.

"Mai rai ne?"

Na ce masa a'a, Baba, dutse ne. Me zan ce wa tsoho?

Mudir ya ce ya fi kyau haka, in mayar da shi tanki. Na mayar.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. A sana'ar nan, abin da ba ya kuka kai kaɗai ka san yana da rai, kuma ranar da ba ka nan shi ke nan. Baba Idrisa ya rasu bai sani ba.