Baƙon da ke Ɗana Zaren Bube

Bube masaƙi yana zaune a rumfarsa ta bakin tashar Tambuwal, ƙoshiyar saƙa a hannu, amma idonsa na kan baƙon da ya tsuguna gaban dogon zaren saƙarsa. Saurayi ne siriri, sanye da kwat mai kauri irin ta ƙasar sanyi, zufa na bin wuyansa. Akwatinsa na gefe, da takalman da ya tuɓe da zai gai da Bube. Motar Kebbe ta cika ta tashi, bai ko waiwaya ba.

Yana ɗana zaren da yatsa, ya bi rawarsa da ido har ƙarshe, ya sake.

"Samari, zaren ga na mutane ne. Mi kaka nema?"

"Yi haƙuri, Baba. Gwamnati ta kai ni Turai karatun iskar wuta mai fitowa daga rana. Akwai zaren maganaɗisu cikinta, wanda ido bai gani. Wata girgiza na bin zaren kamar haka, wata na matse iskar da sauri, wata a hankali. In iskar ta hautsine sai su cakuɗe. Rarrabe su nika yi."

Bube ya dubi rana, ya dubi yaron. Ɗan duba ne? Ko karatun ne ya taɓa shi? Amma mahaukaci ba ya tuɓe takalmi kafin ya gai da babba.

"Ka gane, Baba?"

"A'a."

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Mahaifina na Fakku, can ƙasar Kebbe, ya tara gari su ji abin da na karanto. Da kai na fara gwadawa."