Muryar da Isuhu ya aro

Shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanena Isuhu, kuma har yau in na bi ta titin Fordham Road a nan New York, inda yake kafa teburinsa na huluna da turare, sai in rage sauri kamar zan ji shi yana maimaita karatunsa.

Ba karatun allo nake nufi ba. Matarsa ta koma Toronto wajen danginta da 'yarsu Rakiya tun tana ƙarama, shi kuwa takardunsa ba su ba shi damar ƙetare iyaka ya dawo ba. Waya ce kaɗai tsakaninsu. Yarinya ta girma da Turancin can, Hausa ta zube mata. Wata rana yana yi mata nasiha da nasa Turancin na bakin titi, sai ta miƙa wa uwarta wayar, ta ce ba ta gane abin da Baba ke faɗa. Ban taɓa ganin abin da ya taɓa shi kamar wannan ba.

Mu da muka tashi a gaban malam mun san cewa ba a ɗaukar karatu sai daga baki. Haka Isuhu ya ɗauki lamarin. Ya ce Turancin New York ruwaya ce daban, ta 'yarsa daban, kuma ba zai gauraya su ba. Ya samo wani mai karanta labarai a rediyon Kanada ya mai da shi malaminsa. Mutumin ya faɗi jimla, Isuhu ya tsayar, ya maimaita yana rangaji kamar mai tilawa, yana neman inda harshe ke sauka. 'Yan Gana da ke tebur kusa da shi suka sa masa suna Baturen Kanada. Ni ma na tsokane shi.

"Yaya, ka yi dariyarka," ya ce. "Ni dai so nake ta ji ni ba tafinta."

Ya kuwa iya. Ya daina yi mata Hausa gaba ɗaya, ko gaisuwa. Sai ya sake saƙon murya sau da yawa, yana goge duk wanda bakinsa na gida ya fito a ciki. Rakiya ta fara amsawa. Yana cikin wannan farin ciki ciwon zuciya ya ɗauke shi, bai sake ganinta ido da ido ba.

Bana Rakiya ta kira ni. Ta zama budurwa, tana koyon Hausa wajen wata mata a masallacinsu. Da Isuhu yana raye, ban san ko dariya zai yi ba ko kuka. Ta gaishe ni da Hausa a hankali, kalma bayan kalma, sannan ta ce saƙonninsa duka suna nan, tana gane komai a cikinsu, amma kamar wani baƙo mai kirki ne ke yi mata magana.

"Baffa, kana da muryarsa ta gaske? Ko da gaisuwa ce."

Na bincika wayata, na tambayi abokan kasuwarsa, na aika gida. Babu. Mu kullum muna tare, ba wanda ya ga dalilin ɗaukar muryarsa. Abin da ban gaya mata ba shi ne, ni ma in na yi mafarkinsa, da wannan Turancin yake zuwa mini, a tsare, ba kuskure, kuma in farka ina neman yadda yake kiran sunana in rasa.

Nakan auna abin da ya rage. Ya nemi 'yarsa ta fahimce shi, Allah ya ba shi. Ladan wahalar nan ina fatan ya tarar da shi a kabari. Amma Rakiya ta roƙe ni in faɗi sunanta yadda yake faɗa tana jaririya. Na faɗa. Sai ta ce, "Haka yake cewa?"

Na ce mata ina jin haka ne. Allah ya yi masa rahama, ya sa ta ji shi da kunnenta a inda ba a buƙatar tafinta.