Baba Kwafi da Takardar Atandans

Shaguna ashirin da bakwai ne a layinmu na Tungan Maje a shekarar da wani kamfanin gine-gine ya zo ya ce filin nasa ne. Sha ɗaya na masu kayan gini, shida na masu kayan masarufi, teloli uku, kemis ɗaya, sauran na masu abinci da masu gyaran waya. Kowane shago akwai gida ɗaya ko biyu da ke ci a cikinsa. Nawa ne na farko daga bakin titi, mai ƙofa biyu, inda tirela ke tsayawa ta sauke siminti ba tare da ta tare hanya ba. Shekara tara na yi ina dako kafin na same shi. Na fara da wannan ne saboda masu tasowa suna jin muna ambaton Baba Kwafi muna dariya, to su san ba dariya kaɗai ya bar mana ba.

Audu ne sunansa na yanka, mutumin Zariya, ya yi aikin masinja a kotu har ya yi ritaya. Kun san dalilin laƙabin. Baba ba ya miƙa takarda, ba ya karɓar takarda, sai an yi ta biyu. Ɗaya taka, ɗaya tasa, kowacce da sa hannu da kwanan wata. Ni kuwa Dila yake ce mini. Na taɓa tambayarsa wane dilan yake nufi, na siminti ko na dawa, ya ce in zaɓi wanda ya fi yi mini daidai.

Ranar da na kai masa katin ɗaurin auren 'yata, sai ya juya shi gaba da baya.

"Dila, ina ɗayan?"

"Wane ɗayan, Baba? Kai kaɗai nake gayyata."

"Kawo wani."

Na kawo. Ya zaro hatiminsa daga aljihu, ya hura masa iska, ya buga a kan na biyun, ya rubuta an karɓa, ya miƙo mini.

"Ajiye. Gobe kada ka ce ka gayyace ni na ƙi zuwa, ni kuma kada in ce ba ka gayyace ni ba."

Ya zo kuwa, kuma sau biyu ya ci abinci. Da na yi masa magana ya ce ai kati biyu ne.

Hatimin nan a Zuba aka sassaƙa masa shi, kuma da kyar rubutun ya shiga, don sunan ƙungiyarsa ya fi hatimin girma: Ƙungiyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da Tabbatar da Adalci ta Duniya, Reshen Tungan Maje. Shi ne shugaba, shi ne sakatare. Ofishinsa bencin da ke barandar shagona. Mama Rifkatu mai abinci ce mai ajiyar fayil, a cikin wata tsohuwar jaka a ƙarƙashin teburinta, shi ya sa duk ƙorafin da ya fita daga layinmu da warin manja yake isa inda za shi.

Na ce masa, "Baba, tunda wannan reshe ne, ina hedikwatar?"

"Ba a buɗe ba tukuna."

"Sauran rassan fa?"

"Suna tafe. Duniyar ce ba ta shirya ba."

Amma aiki yana yi. In an kama baron dakon wani, ko an tsare ɗan wani ya wuce kwanakin da doka ta ce, ko uban gida ya kori mai gadi ba sallama, Baba zai rubuta, ya hau bas da ƙafarsa ya kai, ya zauna a ƙofar ofis har sai an buga masa hatimi a kwafinsa. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Zama kawai yake yi. Wani jami'i ya taɓa ce mini ya gwammace lauyoyi uku da tsohon nan guda.

Akwai lokacin da wata babbar ƙungiyar kare haƙƙi, irin masu ofis a ƙasashe da yawa, ta gayyace shi taron bita a otal a cikin gari. Ni na kai shi, don ina da saƙo a can, na shiga na zauna a baya ina shan sanyin wurin. Aka yi ta jawabi a kan shugabanci nagari, da Turanci, ana nuna zane a bango. Da aka ba da damar tambaya sai Baba ya miƙe ya gyara hula.

"Na ji daɗin bayani. Tambayata ɗaya ce. Wannan shugabanci nagari, in mutum ya taso daga Tungan Maje, wace mota zai hau, kuma a ina zai sauka?"

Sai aka kwashe da dariya. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, wata lauyarsu, Barista Ladi. Ta biyo shi waje ta ba shi katinta. Ya ce ta ba shi biyu. Da za mu fito kuma ya bi tebur-tebur ya tattara biro da littattafan rubutun da mahalarta suka bari. Shekara uku yana rubuta ƙorafi a takarda mai tambarin otal, ya ce an fi saurin karanta ta.

To, mu dawo kan layinmu. Kamfanin bai zo da buldoza ba da farko. Rumfa suka kafa, da kujeru da lasifika, suka ce taron fahimtar juna ne. Manajansu ya yi magana mai daɗi, ya ce ba wanda za a tasa sai an zauna an tattauna. Da ya gama aka ce kowane mai shago ya sa hannu a takardar atandans, wato ta shaidar halarta, ya karɓi ƙaramin buhun shinkafa da abinci a roba. Duk wanda ya zauna a Abuja ya san wannan. Ba taron da ake tashi ba a sa hannu a atandans ba, har hannunmu ya saba.

Ina da tirela a hanya ranar, don haka na kutsa gaba na zama na farko. Na sa hannu, aka ɗauke ni hoto da buhuna, na koma gefe. Mutum bakwai suka biyo ni. Na tara a layi shi ne Baba.

Takardar tana maƙale a jikin allo, ƙarfen allon ya danne samanta. Baba ya sa tabarau ya dubi ma'aikaciyar da ke teburin.

"'Yata, wannan takardar ina kanta?"

"Baba, atandans ne kawai. Sa hannu ka karɓi naka."

"Na ji. Ɗaga ƙarfen nan in ga kanta."

"Oga ya ce kada a taɓa."

"To a ba ni kwafi."

"Babu kwafi, Baba. Matsa na bayanka su zo."

"Ni ne a gaba. Layi layi ne."

Ya jawo kujera ya zauna a bakin teburin, ya miƙe sandarsa ta tare hanya. Mama Rifkatu ce a bayansa, ta ce, "Baba, shinkafa zai ƙare fa."

"In ta ƙare ki dafa taki, ai sana'arki ce."

Ni ma na sa baki daga gefe, kuma ba zan ɓoye ba, da zafi na yi magana. Na ce, "Baba, ka bar mutane su karɓi rabonsu. Kai da ko shago ba ka da shi a layin nan."

"Ina da benci," in ji shi, bai ko dube ni ba.

Manajan ya zo ya lallashe shi, ya ce a ba shi buhu biyu ba sa hannu. Baba ya ce shi ba shinkafa ya tambaya ba. Haka aka yi ta ja har aka kira azahar. Suka naɗe rumfarsu, suka mayar da buhuna mota, suka tafi cikin fushi. Mako guda ba mai gaishe shi a layin. Mama Rifkatu ta fito da jakar fayil ɗinsa ta ajiye masa a rana.

Mako na biyu aka zo da jan fenti aka shafa wa shagunan duka. Aka manna mana wasiƙa, haɗe da hoton takardar nan, wannan karon kanta a buɗe. An rubuta cewa mu da muka sa hannu a ƙasa mun amince mu bar filin da kanmu, kuma mun karɓi tallafin tashi. Sunana ne lamba ɗaya. Ni da ba na karɓar takardar direban tirela sai na karanta har ƙananan rubutun ƙasa.

Na ɗauka Baba zai yi mini gori. Bai yi ba. Ya ɗauki jakarsa ya ce in tayar da mota. Kwana huɗu yana zaune a ɗakin jira na babbar ƙungiyar nan da fulas ɗin shayinsa, saboda Barista Ladi ta yi tafiya kuma ya ce ba zai ba kowa fayil ba sai ita. Da ta dawo ta buɗe jakar sai ta tarar da takardun mallakar kowane shago a layin, waɗanda ya bi mu ya yi wa kwafi shekaru da suka wuce muna yi masa tsiya. Wasunmu ma sun ɓatar da na asalin.

Ta dube ni ta ce, "Alhaji, me ya sa ka sa hannu?"

Na ce, "Barista, an ce atandans ne."

Baba ya ce, "Tirela ce ta sa hannu, ba shi ba."

Ƙungiyar ta tsaya mana ba ta nemi komai ba. Kusan shekara biyu ana zuwa kotu, kuma Baba bai rasa zama ko ɗaya ba, har tsofaffin masinjojin wurin suka koma ajiye masa kujera. Barista ta yi iya ƙoƙarinta a kan mu takwas, ta ce yaudara ce. Sai lauyan kamfanin ya fito da hotuna. Ga ni nan, buhu a kafaɗa, haƙora a waje, kamar wanda ya ci gasa. A ƙarshe sulhu aka yi a gaban kotu. Waɗanda ba su sa hannu ba za su zauna. Mu takwas aka ba mu wa'adin tashi.

Bayan sulhun Baba ya kwanta rashin lafiya, na je duba shi ana saura kwana biyar ya rasu. Ya rame, muryar ta tafi, amma hankalinsa ƙalau. Na ce masa sha tara suna nan suna cin abinci albarkacinsa, kuma kullum sai an ambace shi. Ya girgiza kai.

"Dila, takwas ɗin ne ke damuna. Alwala na tsaya yi. Da na riga ku shiga layi, da ba wanda ya tashi."

Ni na kutsa gaba, shi yake neman gafara.

Ga yadda abin ya tsaya. Shaguna sha tara suna nan, Mama Rifkatu har ta ƙara rumfa. Mu takwas mun watse: biyu sun koma gida, ɗaya yana tuƙa keke a Gwagwalada, sauran mun lallaɓa wasu wuraren. Ni ina Karshi, a shago mai ƙofa ɗaya, kuma rabin masu sayen kayana ba su biyo ni ba. Asara ce, kuma da hannuna na sa mata hannu, ba na ɗora wa kowa. Shi kuwa Baba bai rasa komai ba sai bencin da yake zama a kai, bai kuma samu komai ba, ko buhun shinkafar.

Allah Ya jiƙan Malam Audu, Ya yafe masa, Ya yafe mana abin da muka faɗa masa a makon nan da ba a gaishe shi. Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya riga mu shiga inda ba a tashin kowa. Amin.