Jan Harsashin Orval

Orval Tveit ba ya sayen albarushi sai ya buɗe gwangwanin ya kai hanci. Zai lumshe ido, ya shaƙa a hankali, sannan ya mayar da murfi. Delbert mai shagon kayan ƙarfe yakan ce masa, "Tsoho, miya ce? In kawo maka cokali?" Shi kuwa sai ya ce, "Kai dai sayarwa ka iya. Ko barkono aka zuba maka a ciki ba za ka gane ba."

A kwarinmu, nan gindin duwatsun Montana, da wuya ka shiga gidan da babu libarba, kuma yawancin maza su suke ɗura harsasansu. Aikin lokacin sanyi ne, in ƙanƙara ta rufe hanya. Ka tsince kwanson da ka harba, ka auna albarushi, ka zuba, ka danna darma a baki. Albarushin ma iri-iri ne. Akwai mai saurin ci, na harbin gwangwani da nishaɗi. Akwai mai ci a hankali, wanda yake tura darma mai nauyi, yake kuma dukan hannun mai harbi kamar alfadari ya yi shuri. Wannan na biyun shi ne na Orval.

Sana'arsa gyaran famfon rijiya, amma ba da ita aka san shi ba. Duk harsashin da ya ɗura da ƙarfi yakan ɗiga masa jan farcen matarsa Ione a gindi. Bayan ta rasu ma bai sauya launi ba. Masu hawa dutse da tumaki, in rani ya shigo, sukan biyo ta gidansa ya ba su kwali ɗaya. Kowa ya san ja na beyar ne, wannan babbar dabba da take saukowa garke ta ɗauki tunkiya a baki kamar kyanwa da ɓera.

Ranar Asabar mukan taru a rumfar kwano da ke bayan tsohon ramin tsakuwa. In Delbert ya harba, Orval sai ya waiwayo.

"Delbert, harbi ka yi ko atishawa? Allah ya sawwaƙe."

"Ni gwangwani nake nufi, ba rushe dutsen ba."

"To ka je ka ture shi da hannu mana, ka huta."

In shi ya harba kuwa, ƙura ce take zubowa daga rufi, karnuka su shige ƙarƙashin mota.

Ban san shekarar da hannunsa ya fara gazawa ba. Na dai lura ya koma ɗaukar kofi da hannu biyu. Daga baya ya bar tsakiyar rumfa ya koma can kusurwa, inda rufi ya yi ƙasa, kwano kuma ya kewaye gefe biyu. A wurin ko tafi ka yi sai ya zama tsawa. Ya daina sayen albarushi wurin Delbert. Yakan ce za shi babban gari ganin likitan haƙori, ya dawo da ƙullin wani albarushi a ƙarƙashin kujerar mota. Haƙoran nan sun sha ganin likita a shekarun, alhali rabinsu na roba ne. Masu tumaki kuwa in sun zo, sai ya ce darma ta yi wuya bana.

Jan dai yana nan a gindin harsasansa. Bakin bindigar ne ya daina tashi sama kamar da. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta waya ta raba mu, kuma kusa da shi nake tsayawa a rumfa. Ba a tambayi ra'ayina ba.

Marlis 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa ta koyi riƙe bindiga. A ranin da nake magana ta karɓi kiwon wani babban garke a can saman dutse, ita kaɗai da doki da karyarta Juno. Ranar da za ta hau Orval yana wata gona yana fama da famfo. Ta san inda yake ajiye makullin ɗakin aikinsa tun tana ƙarama. Da ta fito ta tsaya a bakin katangata.

"Baba Merle, ka gaya wa Kawu na ɗauki kwali ɗaya na ja. In ya yi faɗa, ka ce in na sauko zan wanke masa wannan ƙazamar motar tasa."

Da la'asar na gaya masa. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa a hankali, ya zauna a bayan mota.

"Wane kwali? Na kan kanta ko na ƙasa?"

"Ja dai ta ce."



Babu hanyar mota zuwa inda take, shi kuma ya daina hawan doki. Mai kai wa makiyaya gari da gishiri ya riga ya tafi, ba zai sake hawa ba sai wani makon. Abin da ya rage rediyon oba-oba ne. Kowace safiya makiyaya sukan yi kira daga dutse, kwari kuma duka yana saurare: mata a kicin, masu tarakta a gona, Delbert ya ƙure tasa a kan kanta don masu sayayya su ji. Orval ba shi da ita. Tawa tana kusa da murhu.

Washegari ya shigo, ya zauna, ya ɗauki abin magana da hannu biyu.

"Marlis, Kawunki ne."

"Kawu! Kai da rediyo? Lallai yau za a yi ruwa. Ko faɗan kwalin ne ka biyo ni da shi har nan?"

"A'a. Ya ciyawa a can?"

"Har gwiwa."

"Gishiri fa, zai isa?"

"Zai isa. Kawu, muryarka kamar ta mai mura."

"Lafiyata lau. Ki dai riƙa kula."

Ya ajiye. Na zuba masa kofi, bai sha ba.

Ranar ya je wurin Delbert ya nemi albarushinsa na da. Delbert ya sauko da gwangwanin yana murmushi. "Oho, an dawo gida. Likitan haƙori ya daina sayarwa ne?" Orval ya biya ya koma gida. Ya ɗura kwali guda na gaske, da nufin in mai gishiri ya tashi hawa ya ba shi, a musanya a can ba tare da dogon bayani ba. Amma bai taɓa ba mutum abin da bai gwada ba. Ina jin ƙarar daga gidana, ƙura ta tashi daga rufin rumbuna kamar shekarun baya. Da na leƙa, libarba tana ƙasa cikin turɓaya, shi kuma ya matse hannun dama a hammata, ya sunkuya.

Safiya ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Yakan tsaya a bakin ƙofata lokacin kira, ya ji muryarta tana tsokanar wani makiyayi, ya juya ya tafi. Daga nan aka yi safiya biyu ba ta yi kira ba. Ba wani abin mamaki ba ne, batir yakan mutu, dutse yakan tare magana.

A safiya ta biyun ya zo sanye da rigar da yake zuwa coci da ita, ya yi aski. Bai jira na ba shi kujera ba.

"Marlis. Marlis, kina ji na?"

Rediyo ta yi ta shuu, sannan ta ce, "Ina ji, Kawu."

"Harsasan nan da kika ɗauka. Jan da ke jikinsu ƙarya ne. Na harbin gwangwani ne, sun fi na Delbert ma laushi. Na daɗe ina yin haka. Hannuna ne ya ƙi. Kada ki tsaya gaban beyar da su."

Wani a kwarin ya danna abin maganarsa, muka ji kukan jariri da ƙarar cokali, ya sake saki.

"Na gane, Kawu," in ji ta. "Shekaranjiya na gane."

Ta faɗa a taƙaice, murya ba hawa ba sauka. Da rana tsaka beyar ta fito musu a bakin rafi. Ta tsaya kamar yadda ya koya mata, ta harba, ta tabbata ta samu. Dabbar ko juyawa ba ta yi ba. Juno ce ta shiga tsakani har Marlis ta samu ta haye doki.

"Ni ko ƙwarzane babu. Tumaki kaɗan suka tafi. Juno ce dai na binne a can."

Shekaranjiya. Ni da shi mun san ranar da ya fara zama a kan kujerar nan yana tambayar gishiri, tun kafin beyar ta fito.

Babu wanda ya yi masa dariya, da ma an yi ɗin. A shago mutane suka riƙa gaishe shi da ladabin da ake yi wa mai zaman makoki. Delbert ya daina ce masa tsoho, ya koma Malam Tveit. Rumfar Asabar bai sake takawa ba.

Da kaka ta yi Marlis ta sauko. Ta ajiye sauran kwalin a kan teburin aikinsa, ta tambaye shi ko yana cin abinci, ta ɗebo ruwa ta wanke motar tas har tayoyi. Yana tsaye a taga yana kallo. Da ta gama ta ɗaga masa hannu ta tafi.

A lokacin sanyin nan ya fara kwance harsasan. Akwai wata 'yar guduma mai rami da muke amfani da ita: ka sa harsashi a ciki, ka yi ta bugawa a kan kututture har darmar ta zame, albarushin ya zube. Kowane bugu a wuyan hannu yake sauka. Kwalayen sun cika kanta sun sauko ƙasa, na gaske da na bogi a gauraye, don haka ya ce duka za su tafi, kada wani ya gaje su bayansa ya hau dutse da su. Na ce ya bari in kama masa.

"Merle, kai ka shafa musu jan?"

"A'a."

"To je ka duba shanunka."

Da hantsi nakan ji bugun ta cikin ƙanƙara, ƙwas, ƙwas, sai a yi shiru mai tsawo, sai a ci gaba. Albarushin yakan watsa shi a lambun Ione, ya ce taki ne.

Bai kai bazara ba, ya rasu. Da muka buɗe ɗakin, layin sama na kanta ya ƙare, na tsakiya saura kaɗan, na ƙasa bai taɓa ba. Gudumar tana kan kututture da harsashi a cikinta, darmar ta fito rabi.