Audugar da Baba Yake Takawa

Shekarar da aka ƙara mana albashi tumbi ya fito mini, sai na shiga sahun masu gudun safe a Garki. Ƙafata irin ta mahaifina ce, shimfiɗaɗɗiya, in na taka sai ta karkata ciki. Mai shago ya zaɓo mini kambas na gudu, ƙasansa da katifa mai laushi, gefen ciki kuma da ɗan tauri don ya tallafe ƙafar. Gwiwata ta daina ciwo. Ni kuwa ban iya jin daɗi in yi shiru ba, na sayo wa Baba irinsa.

Baba dillalin shanu ne a Dei-Dei, yini yake a tsaye, ga ciwon suga. Da ƙyar ya yarda ya sa, wai takalmin 'yan ƙwallo ne. Bayan mako na tambaye shi.

"Kamar auduga nake takawa," ya ce.

Shi ke nan, baki ya samu abin faɗa. A ofis har guduna ake yi saboda labarin audugar Baba.

Wata Asabar ya biyo ta gidana daga kasuwa ana kiran azahar. Na kawo buta, na durƙusa ina kwance masa igiya, don dai in sake jin yabo. Na ja na dama, ya ƙi fita. Na ƙara ja. Da ya fito, safar ta jiƙe sharkaf da jini. Na kifa takalmin, sai ga kan ƙusa, ta huda katifar ta shige.

Innalillahi.

"Baba, yaushe kuka taka wannan?"

Ya leƙa yana kallon ƙafar kamar ta wani. "Da hantsi dai na ratsa ta wajen masu katako."

A asibiti likita ya ce suga ya kashe jijiyoyin ƙafar, in ciwon ya ruɓe sai dai yankewa. Tsoro ya kama ni, na hau zagin takalmin, na ce laushinsa ne ya cuce mu.

Baba ya dafa kafaɗata.

"Bar zagin takalmi, ɗan nan. Ko babu shi auduga nake takawa, ya fi shekara. Na ga kana murna ne, na ƙyale ka."