Tsinke a Hular Surukina

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, mu shida ne a tsakar gidanmu na Gusau ranar da abin nan ya faru. Akwai mijina, da ƙanensa, da mahaifinsu wanda kowa ke ce wa Baba Tsoho, da Inna mahaifiyarsu, da ni. Ta shida wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa daga wani ƙauye gaba da Bungudu, wadda ta shigo da hantsi ƙafafunta duk laka. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Ni kaɗai na rage, shi ya sa in na faɗi magana babu mai ƙaryata ni.

Mijina sayen gyaɗa da auduga yake yi a ƙauyuka, daga Wanke har Tsafe. Yana da wani tsohon babur da ya saya a hannun Bature mai komawa ƙasarsu. A unguwarmu kaf shi kaɗai ke da shi, kuma ya san haka. Sai dai babur ɗin ya fi mai shi shekarun wahala. Fetur a gwangwani ake saye, da damina ba ya rasa ruwa da datti, sai ka ji injin yana tari kamar tsohon jaki. In ya fara haka, mijina zai turo shi har cikin gida, ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, ya kwance kafireto. Nan ne mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, haka na ji suna faɗi.

Ban taɓa sa hannu ba, amma daga ƙofar madafa na san kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya, don ni tun ina yarinya idona ba ya zama. Akwai wani abu kamar ƙwan zabo da ke iyo a kan mai. Akwai 'yan ƙusoshin tagulla masu huda a tsakiya, waɗanda yake zura wa silin wutsiyar doki, ya hura da baki, ya ɗaga wa rana ya leƙa. Akwai kuma wani siririn tsinken ƙarfe, tsawon ɗan yatsa, mai tsini. Duk zai jiƙa su a fetur, ya goge da gashin kaza, ya yanka kwalin sukari ya sa inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe don kada mai ya yoyo.

Ran nan da safe ya rasa abin jiƙa kayan, ya shiga ɗakina ya ɗauko wata 'yar tasa daga ƙasan jere. Ita ce na ware tun cikin kayan aurena, na ce a raina ta 'yar farina ce ranar da za a kai ta ɗaki. Ina kallo ya tsiyaya fetur a ciki. In na ce kada a taɓa wannan, za a tambaye ni ta wa ce, ni kuwa ba ni da bakin amsawa.

Ku na yanzu kuna goya 'ya'yan farinku kuna kiran sunansu a gaban kowa. Mu ba haka muka tashi ba. Tun da aka yaye yarinyar nan, yayar mijina ta ɗauke ta riƙo zuwa ƙauyensu. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ban taɓa tambayar lafiyarta a gaban mutane ba. In sun zo sallah, ta gefen ido nake auna tsawonta. Zuwansu na ƙarshe tana famfara, tana rufe baki da hannu in za ta yi dariya.

To, kayan kafireto na baje a kan buhu ke nan tsohuwar ta yi sallama. Ko ruwa ba ta sha ba. Ta durƙusa gaban Inna, ba ta dubi inda nake ba, don ta san ladabi.

"Gwaggonta ta ce a gaya ma ubanta ya taho yanzu. Zazzaɓi ne tun shekaranjiya, jiya kuma ta fara sanƙarewa. Ta ce a zo a ɗauke ta a kai ta asibiti."

Ina riƙe da muciya. Na ci gaba da tuƙi.

Baba Tsoho ya ce a nemi aron keke a tafi tun rana ba ta yi ba. Mijina ya ce, "Baba, keke ba ya ɗauko mara lafiya. Yanzun ga zan haɗa shi. Kafin mai keke ya kai rabi na iso."

Motar kasuwa ta riga ta wuce, babu wata sai gobe. Saboda haka duk ran yarinyar nan ya koma kan buhun can.

Suka hau haɗawa shi da ƙanensa. Sun sa ƙwan zabon, sun ɗaura ƙusoshin, sai mijina ya tsaya yana lalube.

"Ina tsinken?"

"Wane tsinke? Ba kai ka cire shi ba?"

"Nan na aje shi, bakin tasa! In babu shi mai kwarara zai yi, injin ya shaƙe."

Suka kakkaɓe buhu. Suka zazzage tasa. Suka duba taya, suka duba aljihu. Ƙanensa ya karɓi rariyar Inna ya fara tankaɗe ƙasar gindin bishiya. Har kazar da ke kiwo a wurin suka kama suna matsa mata maƙoshi.

Ni kuwa na san inda yake. Tun kafin tsohuwar ta shigo na ga Baba Tsoho ya gama cin goro, ya miƙa hannu bakin tasa ba tare da ya duba ba, ya ɗauki tsinken, ya goge a riga, ya yi sakace da shi. Da ya gama ya soke shi a naɗin hularsa, inda ya saba soke tsinken sakacensa. Labarin yarinyar ya zo ya shafe masa komai. Ga shi nan zaune a kan buzu yana jan carbi, yana cewa, "Ku duba da kyau, ku yara ba ku iya ajiya ba."

Tun da aka kawo ni gidan, bayan gaisuwa daga nesa ban taɓa haɗa magana da surukina ba. Ba na wucewa ta gabansa da takalmi. Ƙanen mijina ne abokin wasana, shi kaɗai zan iya ja gefe in raɗa wa. Ina neman idonsa mijina ya daka masa tsawa.

"Bar rariyar nan! Ruga tasha wajen makanikai, ko nawa ne ka samo wani."

Ya fita da gudu. Na bi Inna bayan rumbu, na durƙusa, na faɗa mata ƙasa-ƙasa. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ke, idonki har kan hular surukinki ya kai? In ce ma tsoho gaban 'ya'yansa shi ne ya yi sakace da ƙarfen mutane? Kuma mi ya shafe ki da maganar ɗiyar ga da kike ta zirga-zirga? Shiga ɗaki. Tsinken sakace kika gani."

Na shiga ɗaki. Ina jin ƙarar rariya ta dawo, mijina ne da kansa yake tankaɗe. Aka kira azahar. Ƙanensa ya dawo hannu rabbana, ya ce makanikai sun ce irin wannan babur sai Kano. Na leƙo na ga Baba Tsoho ya tura hular baya zai yi alwala, tsinken na ƙyalli a rana, babu wanda ya ɗaga kai.

Ban san lokacin da na fito ba. Na tarar da kaina durƙushe gaban buzunsa, kusa har ina jin warin goro.

"Baba, ka gafarce ni. Yana cikin hularka."

Inna ta dafe baki. Tsohon ya cire hula a hankali, ya zaro tsinken, ya daɗe yana kallonsa. Bai dube ni ba. Ya miƙa wa ɗansa, ya ce, "Innalillahi."

Bakin tsinken ya ɗan lanƙwashe inda haƙori ya taɓa. Mijina ya ɗora shi a kan dutsen niƙa, ya riƙa murza shi da gindin cokali har ya miƙe. Ya soka shi a gurbinsa, ya rufe, ya ɗaure. Ya buga sau da yawa, babur ya yi gurnani ya mutu, ya sake bugawa, baƙin hayaƙi ya fito, sannan ya kama. Bai yi wa kowa sallama ba.

Gab da magariba na jiyo shi tun daga bakin hanya. Abin da har yau ke ci mini rai, ban taɓa jin injin nan yana tafiya lafiya kamar ran nan ba. Babu tari ko ɗaya. Mijina ya shigo shi kaɗai, da ɗan zanen yarinyar ɗaure a bayan sirdi. Ya ce wa mahaifinsa ta cika wajen azahar, kafin ya isa an dawo daga maƙabarta.

Mata suka fara shigowa. Inna suke yi wa gaisuwa, don ita ce mai jika. Suna wuce ni a bakin murhu, wata ma ta ce in ƙara ruwan zafi. Na ƙara. Haka aka saba, kuma ni da kaina na yi wa wasu hakan kafin ranar.

Mutane sun sha tambayata ko da an ga tsinken da wuri da ta rayu. Ban sani ba, kwana na Allah ne. Abin da na sani, da ubanta ya same ta da rai. Ban riƙe tsohon a zuciya ba. Har ya rasu ban sake ganin ya yi sakace ba, kuma in ya ji tafiyata shi ne ke sunkuyar da kai. Inna ma abin da aka koya mata ta yi. A unguwa kuwa na yi suna, an daɗe ana cewa waccan ce mara kunyar da ta yi wa surukinta magana a kan 'yar fari. Na bar su. Tun daga ranar, in na ga abu ina faɗi, ko gaban wa. Jikokina suna ce mini mai faɗa, kuma gaskiyarsu ce. Har yanzu in ɗan kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida injinsa na tari, sai in ture kwanon abinci gefe.

Washegari da sassafe, kafin kowa ya fito, na je gindin darbejiya na ɗauko tasar nan inda suka yar da ita. Na kai ta bayan rumbu na dirje da toka, na sake dirjewa da tsamiya, na ɗauraye. Na sansana, warin fetur yana nan. Na zauna a ƙasa da ita a cinyata, na duba hagu da dama babu kowa, na kira sunan yarinyar nan sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Sannan na mayar da tasar ƙasan jere, na je na hura wuta.