Mari Goma Sha Huɗu

Ranar Talata, 9 ga Fabrairu 1971, Allah ya yi wa Aniello Cacace rasuwa a gidansa da ke Napoli, yana da shekara sittin da takwas. Labarin bai iske ni a Buenos Aires ba sai bayan mako uku, cikin wasiƙar 'yarsa Rosaria. Ta ce in rubuta wani abu don jaridar 'yan wasan kwaikwayo, tunda ni ne abokin wasansa na shekara ashirin. A ƙasan takardar ta ƙara da cewa bai taɓa kokawa ba, ko a kan bam ɗin yaƙin da ya kashe masa kunne. Wannan layin ne ya zaunar da ni.

Aniello, mu ne muke hawa dandamali kafin a haska fim, mu ɗumama jama'a da dariya. Ni mai kwat da ɗaurarriyar fuska, kai wawa mai wandon da ya fi ƙarfinka. In yi tambaya, ka ba da amsar banza, in zabga maka mari. Kowane ɗan wasa ya san marin dandamali: hannuna ya wuce ta gefen kuncinka, kai ka tafa hannu a ɓoye, ƙara ta tashi. Shekara goma sha takwas ban taɓa fatarka ba.

Na tuna Salerno, ranar da muryata ta dushe ana tsakiyar wasa. Ka juya wajen jama'a ka ce, "Ku yi masa uzuri, matarsa ce ta riƙe muryar a gida." Ka ɗauki maganata da taka, ka kai mu ƙarshe. Da mahaifiyata ta rasu, kai ne a gaban akwatin gawa, kuma mako guda kana hawo mini bene da tukunyar taliya da wake. Amma a titi, kai ake rungumewa. Ni sai a ce, "Mai mari, ina ka baro Cacace?"

Aka kira mu Roma yin fim. Fim biyu suka karɓu. A na uku, darakta ya matso da kyamara dab da fuskarka, ya ce marin ƙarya ba zai yi ba, a yi na gaske. Ka yi dariya ka ce, "Buga mana, Sabato. Hannun nan naka kamar dafaffiyar taliya, me zai yi mini?"

Na daɗe ina ɗora wa daraktan laifi. Mutum ne mai girman kai, bai ɗauke mu a bakin komai ba. Amma gaskiya ita ce a ɗauka ta uku ya ce ya yi. Ni na ce hulata ta karkace, a sake. Aka sake, na ɓata maganata da gangan. Da safen ranar na ga takardar tallan fim ɗin: sunanka manya-manya, nawa can ƙasa, sai an sa tabarau. Sau goma sha huɗu na mare ka, duk a kunnen hagu, ma'aikata na ta kwasar dariya. Da jini ya gangaro, ka share da hannun riga, ka matso inda ba mai ji, ka ce, "Ka ƙoshi, ɗan'uwa? To mu je mu ci abinci."

Muka je kuwa. Na ci.

Mai barkwanci da kunne yake aiki. In amsa ta makara da ƙiftawar ido, dariya ta mutu. A fim na huɗu ka riƙa makara, kana roƙo a mayar da ni damanka, wajen kunnen da ke ji. Kamfani ya sallame ka. Suka gwada ni ni kaɗai, ko yaƙe ba wanda ya yi. Na hau jirgin ruwa ban yi maka sallama ba. Shekara ashirin ke nan ina yagar tikiti a ƙofar sinima, a garin da ba wanda ya san na taɓa hawa dandamali. Kai kuma ka koma ƙananan dandamalin unguwa, ka ce wa iyalinka tsohon raunin bam ɗin yaƙi ne ya taso. Duk Kirsimeti katinka na zuwa. Ban amsa ko ɗaya ba, don da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Donna Nunzia, uwargidan Aniello, duk tsawon shekarun da kika yi kina ɗaga murya a gefen mijinki, kina tsine wa jiragen yaƙi, ni ya kamata ki tsine wa. Ya rufa mini asiri har kabari, amma ba zan zauna cikin masu makoki da wannan rufin a kaina ba.

Allah ya jiƙanka, Aniello, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da abin da mu muka kasa. Allah ya ba Donna Nunzia da Rosaria da jikoki haƙurin rashi. Rosaria, bugawa ko ƙonawa yana hannunki. Roƙona ɗaya ne: kafin ki yanke, ki karanta wa mahaifiyarki har ƙarshe, kada ki tsallake komai.

Sabato Improta
Buenos Aires